"Netwok Ne": Abin da Ke Kashe Manhajar Kira a Kwamfutocin Suleja

Wani daren Asabar cikin watan Maris, lokacin da zafin Suleja ke korar kowa daga ɗaki, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida don taron dangi kan bikin ƙanwarmu. Yayanmu yana Jidda, 'yar kawunmu tana Ingila, saboda haka aka ɗora kwamfutata a kan kujera 'yar tsugunno, aka ƙure lasifika don kowa ya ji. An yi sallama, an gaisa, yaya ya fara lissafin kayan ɗaki ke nan sai manhajar ta ɓace daga allo kamar an hure fitila. Na sake buɗe ta, ta yi minti biyu, ta sake ɓacewa. A karo na uku Hajiya ta naɗe carbinta ta ce, "Ku ƙyale shi, netwok ne." Muka koma kan wayar autanmu, kira ya tafi sumul har aka yi addu'ar tashi.

Sai da na kwanta wani abu ya faɗo mini a rai. Wayar da muka ƙarasa taron da ita, ita ce tun farko ke ba kwamfutar intanet. Layi ɗaya, data ɗaya, tsakar gida ɗaya. In da netwok ne, da wayar ma ba ta kai labari ba. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba.

Garin da ke kwana a Neja, ya wuni a Abuja

Suleja ita ce Abuja ta asali, garin da Abu Ja ya kafa a 1828. Bayan an zaɓi yankin a matsayin sabon babban birnin tarayya a 1976, sai garin ya bar wa birnin sunansa, ya ɗauki Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har gobe dangantakar tana nan: kowace asuba motoci na kwasar ma'aikata daga Kwamba, Maje da Gauraka, su bi ta Madalla a gindin Dutsen Zuma, su kutsa cunkoson Zuba zuwa ofisoshin Abuja.

Tun kullen korona da ya fara aiki a Abuja ranar 30 ga Maris 2020, wani ɓangare na wannan zirga-zirga ya koma cikin kwamfuta. Majalisar Zartarwa ta Tarayya kanta ta intanet ta zauna a watan Mayun shekarar. Kamfanin Zoom ya ce masu halartar tarukansa a rana sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Kulle ya wuce, ɗabi'ar ta zauna. Yau a Suleja akwai ma'aikacin da ke halartar taron ofis daga falonsa, da malamin da ke biya wa yara karatun Alƙur'ani suna wata ƙasa, da mai neman aikin da za a yi wa tambayoyi ta Teams ko Google Meet, da samarin da ke hira a Discord suna wasan kwamfuta. Ga irin waɗannan, minti goma na mutuwar manhaja yana iya zama asarar aiki ko zubewar mutunci.

Ciwo huɗu, suna ɗaya

Mai zazzaɓi da ya je asibiti, kafin a rubuta masa magani sai an tambaye shi yaushe ya fara, da sanyi ko babu, yana amai ko ba ya yi. Mu kuwa duk abin da ya sami kira, suna ɗaya muke ba shi. Alhali ciwon iri huɗu ne, kowanne da alamarsa.

Na farko, manhaja tana nan a buɗe amma murya na sarƙewa, tana zuwa a makare, ko kiran ya yanke yana ƙoƙarin sake haɗawa. Wannan shi ne netwok na gaskiya. Na biyu, manhajar ce ke rufe kanta, sauran abubuwan da ke kwamfutar suna aikinsu lafiya lau. Nan laifin yana cikin manhajar ko cikin abin da take dogara da shi. Na uku, komai ya sandare, linzami ya ƙi motsi, abin da yara ke cewa ta yi hangin. Galibi kaya ne suka yi wa injin yawa. Na huɗu, kwamfutar ta ɗauke ɗif, ko ta nuna shuɗin allo ta sake tashi. Wannan ya fi kama da zafi, ko wuta, ko wani sashe da ya lalace a ciki.

Wanda ya iya bambance waɗannan huɗun ya yi rabin gyara. Dalili kuwa, murya ba ta cin data kamar yadda ake zato. Tsarin dunƙule sauti da ake kira Opus, wanda aka tabbatar da shi a 2012 kuma manhajojin kira da yawa ke amfani da shi, yana iya ɗaukar magana da kilobit 6 kacal a daƙiƙa, kuma kiran murya na yau da kullum ba ya kai kilobit 100. Abin da murya ba ta jurewa shi ne jinkiri da tangal-tangal. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ba da shawarar kada jinkirin ya wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa in ana son hira ta tafi daidai. Raunin sabis yana yanke kira, amma ba kasafai yake rufe manhaja ba.

Shagon farko da shago na biyu

Ranar Litinin na ɗauki kwamfutar zuwa wani shagon gyara a cikin gari. Saurayin da na tarar bai ko kunna ta ba ya yanke hukunci: bairos ne, sai an yi fomat. Ma'ana a share duk abin da ke ciki a sake ɗora Windows. A cikinta akwai rubuce-rubucena na shekara huɗu da hotunan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Na ce zan dawo.

A shago na biyu na sami wani dattijon injiniya da ya fara da tambaya. Yaushe ta fara? Da an buɗe manhajar take rufewa, ko sai an fara magana? Na sa wani sabon abu kwanan nan? Daga nan ya danna madannin Windows tare da harafin R, ya rubuta perfmon /rel, sai ga wani jadawali mai kama da kalanda, kowace rana da alamarta. Wannan shi ne Reliability Monitor, yana cikin Windows kyauta amma mutane ƙalilan ne suka san da shi. Jajayen alamu sun fara ne daga wata Laraba. A wannan ranar ce direban sauti ya sabunta kansa ban sani ba. Ya shiga Device Manager ya mayar da direban zuwa tsohon, muka kira wani abokinsa muka yi minti ashirin muna hira, manhaja ko gezau. Ban rasa ko hoto ɗaya ba.

Direba a nan ba na mota ba ne, amma sunan ya dace. Ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin Windows da wani sashe na injin, kamar makirfo ko kyamara ko na'urar nuna hoto. Manhajar kira ta fi sauran manhajoji rauni ta nan, domin a lokaci guda tana riƙe da makirfo, lasifika, kyamara, allo da intanet. Mai buga wasiƙa a kwamfuta ba ruwansa da yawancin waɗannan. Ita kuwa in ɗaya ya yi tuntuɓe, tare suke faɗuwa.

Bin sawu daki-daki

Ƙa'idar farko ita ce a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, sannan a matsa gaba. Wanda ya taɓa abu biyar a tare, ko ya dace ba zai san wanne ya yi maganin ba.

A fara da gwajin da tsautsayi ya yi mana a tsakar gida: a yi kiran da waya a kan intanet ɗin da kwamfutar ke amfani da shi. Sannan a gwada ta burauza, tunda Zoom, Teams, Google Meet da Discord duk suna buɗewa a cikin Chrome ko Edge ba sai an ɗora su ba. In kira ya tafi a burauza amma ya ƙi a manhaja, an gano unguwar da ɓarawon yake. Wannan kuma ita ce mafita mafi sauri ga wanda ake jira a taro.

Sai a duba nauyin da ke kan injin. Danna Ctrl da Shift da Esc tare yana buɗe Task Manager, inda za a ga yadda ma'adanar wucin gadi, wadda masu gyara ke kira ram, ta cika. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake sarowa daga Computer Village ta Ikeja ko Banex ta Wuse, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, da ram mai giga 4 suke zuwa. Windows kaɗai ta cinye fiye da rabi. Manhajoji irin su Discord kuma a kan injin burauza aka gina su, wato kowace tamkar wani Chrome ne mai zaman kansa. A ƙara da shafuka ashirin a buɗe, sai jaki ya durƙushe. Maganin kyauta shi ne rufe duk abin da ba a buƙata kafin kira. Maganin kuɗi shi ne kai ram zuwa giga 8 da sauya tsohon faifai mai juyawa da na zamani da ake kira SSD, wanda ya fi sayen sabuwar kwamfuta sauƙi nesa ba kusa ba.

Daga nan sai sauti. A cire duk iyafis da makirfon da aka jona, a yi kira da na jikin kwamfutar. In ta daina rufewa, abin da aka cire ne ko direbansa. Iyafis na bulutut yana da wata ɗabi'a: da an kunna makirfonsa yakan sauya zuwa wani tsari na daban mai ƙarancin inganci, kuma a daidai wannan sauyin wasu tsofaffin direbobi ke rikicewa. Shi ya sa wani zai ce yana jin waƙa lafiya amma da ya fara magana komai ya watse. Haka nan Windows 10 tana da wurin ba manhajoji izinin amfani da makirfo a sashen sirri. In an kashe shi, za ka ji mutane su ba za su ji ka ba, ka yi ta "kuna ji na?" har ka gaji. Akwai kuma saitin da ke ba manhaja ɗaya damar mallake na'urar sauti ita kaɗai. In manhajoji biyu na kokawa a kan makirfo ɗaya, cire wannan damar yakan raba faɗan.

In manhajar tana rufewa ne da zarar an kunna kyamara ko an nuna allo, to zargi ya koma kan direban hoto. A cikin saitin yawancin manhajojin akwai maɓallin da ke miƙa aikin hoto ga na'urar nuna hoto don a yi sauri. A kan tsohon inji, kashe shi yakan kawo zaman lafiya nan take.

Sai tarkacen da manhaja ke tarawa don ta riƙa buɗewa da wuri. Idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubuta wani fayil, fayil ɗin yakan lalace, daga nan duk lokacin da ta zo karanta shi sai ta faɗi. Cire manhajar a sake ɗorawa ba koyaushe yake share wannan ba, domin tarkacen yana cikin wata jaka da ake isa gare ta ta rubuta %appdata%. A canza wa jakar manhajar suna, ita da kanta za ta gina sabuwa.

Wani ƙaramin abu da ke wahalar da mutane shi ne agogo. A cikin yawancin kwamfutoci akwai batir ɗan mitsitsi mai kamar kwabo da ke riƙe kwanan wata. In ya mutu, sai injin ya farka yana zaton shekarun baya ne, ya ƙi amincewa da takardun tsaro na intanet, manhaja ta ƙi shiga sam. Gyara kwanan wata ya wadatar na ranar, sauya batirin kuma ba ya cin kuɗi sosai.

Ƙura, zafi da wutar da ba ta da alƙawari

Akwai ciwon da ƙasarmu ce ke haifar da shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana cusa ƙura cikin fankar kwamfuta har ta zama kamar auduga a bakin mafitar iska. Da an shiga Maris da Afrilu, zafi ya tarar da hanya a toshe. Kiran bidiyo yana sa ƙwaƙwalwar injin aiki ba hutu, ita kuwa in ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu don kare kanta, in abin ya ƙi ta kashe kanta baki ɗaya. Alamar a bayyane take: kira yana farawa lafiya, bayan minti goma sha biyar fanka ta fara kuka, murya ta fara rawa, sai ɗif. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo yana ƙara dagula lamarin domin ta ƙasa take shaƙar iska. A sa ta a kan tebur ko tire, a kai ta a buɗe a hure ƙurar sau ɗaya a shekara bayan hunturu, a sabunta man da ke sanyaya ƙwaƙwalwar.

Sai wuta. Jihar Neja ce ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, amma mazaunin Suleja ya san janareta da sola ba ado ba ne. Kwamfutar da batirinta ya mutu, wadda ke rayuwa a kan caja kamar mara lafiya a kan ƙarin ruwa, tana mutuwa a daidai daƙiƙar da ake sauyawa daga wutar nefa zuwa janareta. Jabun caja kuma yakan jawo wani ƙugi a cikin makirfo, har linzami ya riƙa tsalle. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zare caja ana cikin kira, in ƙugin ya tsaya an kama mai laifi.

Ranar da laifin ba naka ba ne

Wani lokacin ba abin da za ka gyara, domin ɓarnar daga nesa take. Ranar 22 ga Disambar 2010, wasu na'urorin kamfanin Skype suka yi nauyi suka fara ba da amsa a makare. Wani zubi na manhajar a kan Windows, mai lamba 5.0.0.152, bai iya karɓar amsar da ta makara ba, sai ya riƙa rufe kansa. Kusan rabin masu amfani da Skype a duniya wannan zubin ke hannunsu, kuma da yake a lokacin kwamfutocin mutane ne ke taimaka wa juna wajen haɗa kira, faɗuwarsu ta ja sauran. Kusan kwana guda aka yi ana fama. Duk wanda ya yi wa kwamfutarsa fomat a ranar ya yi asarar banza.

Mu ma mun ɗanɗana. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya suka tsaya cak. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma, wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo a faɗin duniya, jiragen sama suka kasa tashi. Saboda haka kafin ka kwance injinka, tambayi maƙwabci ko abokin aiki ko shi ma haka take yi masa.

Akwai kuma tsufa. Skype da aka kafa a 2003, wadda Microsoft ya saya dala biliyan 8.5 a 2011, an rufe ta a watan Mayun 2025. Wanda ke ta fama da ita yanzu yana bugun ƙofar gidan da aka tashi ne. Windows 7 ta daina samun kulawa tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannunmu an ƙera su kafin 2017, ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Sannu a hankali kamfanonin manhajojin kira za su daina gwada sabbin zubinsu a kan waɗannan injuna, faɗuwa kuma ta ƙaru. Mai shirin sayen ta hannu yanzu ya tambayi wannan kafin ya tambayi farashi.

A yi hattara da masu taimako

Gudun gara kada ya kai mutum gidan zago. Manhajar da aka tura daga filashin wani shago, ko wadda aka fasa don a samu kyauta, sau da yawa da baƙo take zuwa a ɓoye. Manhajojin kira kyauta ne a shafukan kamfanoninsu, babu dalilin karɓar su a hannun kowa. Haka shirye-shiryen da ke alƙawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, sun fi ɓatawa fiye da gyarawa. Ɗora maganin bairos biyu a inji ɗaya kuma kamar haɗa zakaru biyu ne a akurki ɗaya.

Mafi muni su ne 'yan damfarar da ke kira su ce akwai taron ƙungiya ta intanet da daddare, an turo maka lamba shida, ka karanto musu don a sa ka a ciki. Lambar ta shiga WhatsApp ɗinka ce. Da ka faɗa, sun ƙwace shi sun fara roƙon kuɗi da sunanka. Babu taron da ke buƙatar wannan lamba.

In kuwa ta kama sai an je wurin injiniya, a kwafe muhimman takardu da hotuna tukuna, a fita daga asusun banki da na imel, a je da bayani a rubuce: ranar da ta fara, abin da ake yi lokacin da take rufewa, da hoton saƙon da ta nuna. Mai gyaran da ya ce fomat kafin ya yi tambaya ko ɗaya, a yi masa godiya a ƙara gaba. Su ma masu sana'ar, musamman masu koyar da yara a shagunansu, ya kamata su koya musu karanta tarihin faɗuwar inji kafin su koya musu share shi.

Ga mai jiran tambayoyin neman aiki ko malamin da ɗalibai ke jira, ba a fafe gora ranar tafiya. Gwada makirfo da lasifika tun jajibiri, kada ka yarda a yi sabuntawa ana saura awa guda, cika batir, rufe sauran shafuka, kuma ka ajiye wayarka kusa da manhajar a buɗe a cikinta. Ranar da ta sake rufe kanta, kafin ka ce netwok ne, ɗauki wayar ka gwada.